Isnadin Ƙarfe: Bin Sawu da Tantance Jiragen Yaƙi Masu Injin Jet na Farko da Suka Saura

Tsakure

Wannan maƙala tana duba yadda masana tarihin jiragen sama suke bin sawun jiragen yaƙi masu injin jet na farko, tun daga 1939 zuwa farkon shekarun 1950, da hujjojin da suke dogara a kansu kafin su yanke hukuncin cewa jirgin da ke tsaye a gidan tarihi shi ne ainihin wanda ake faɗa. Maƙalar ta nuna cewa hujjar iri biyu ce, wato silsilar hannayen da jirgin ya ratsa da kuma shaidar da ke jikinsa, kuma hukunci ba ya inganta sai an gwama su, kamar yadda malamanmu ba su karɓar riwaya sai sun duba isnadinta da mataninta. A ƙarshe ta kasa jiragen zuwa martabobi huɗu gwargwadon ƙarfin hujjarsu.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa shiga gidan ajiye kayan tarihi ya ga jirgin yaƙi tsaye, fentinsa na sheƙi, an kafa allo a gabansa an rubuta sunan rundunarsa da na matuƙinsa da ranar da ya yi kaza, da wuya ya tsaya ya tambayi kansa wane ne ya faɗi haka, daga wa ya ji, kuma da wace bayyina, domin ido idan ya ga abu a fili yakan hana zuciya tuhuma. Amma Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane, kuma a wannan fanni maganar ta tabbata fiye da ƙima, saboda jirgi guda yana iya sauya lamba sau huɗu, da fenti sau biyar, har da hanci ko wutsiya, kafin ya iso inda muke ganinsa.

Na ari kalmomin isnadi da matani daga ma'abota ilimin hadisi, ina mai sane da cewa darajar abin da suka yi wa hidima ta fi ƙarfin a kwatanta ta da ƙarfe da katako. Manhajarsu kaɗai na ara, domin ita ce mafi tsanani da muka gada wajen rarrabe ingantaccen labari da raunanne, kuma mai bin sawun tsohon jirgi, ko ya sani ko bai sani ba, a kan irin wannan turba yake tafiya.

Dalilin ƙarancinsu

Jirgin jet na farko da ya tashi a duniya shi ne Heinkel He 178, wanda Erich Warsitz ya tuƙa a kusa da Rostock ta ƙasar Jamus ranar 27 ga Agusta 1939, da injin da Hans von Ohain ya tsara. An kai shi gidan tarihi a Barlin, inda ruwan bama-bamai ya halaka shi a 1943, saboda haka kakan wannan zuriya gaba ɗaya babu abin da ya rage nasa sai hotuna. Takwaransa na Ingila, Gloster E.28/39 mai lamba W4041, wanda ya tashi a Cranwell ranar 15 ga Mayu 1941 da injin Frank Whittle, ya yi gamon katar, domin tun 1946 yake ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan.

Idan muka koma ga waɗanda aka ƙera da yawa, lissafin yana da ban mamaki. Jamusawa sun ƙera Messerschmitt Me 262 kimanin 1,400, amma na asali da suka rage a yau yatsun hannu biyu sun ishe su ƙirga. Heinkel He 162 an kammala kimanin 300, saura bakwai. Bell P-59, jirgin jet na farko na Amurka, an yi 66, saura shida.

Sababin wannan ƙaranci ya haɗa abubuwa uku. Na farko, jiragen Jamus an yi su ne a cikin gaggawa da ƙuncin kaya, ba a yi su don su daɗe ba: injin Jumo 004 da ke ɗauke da Me 262, saboda ƙarancin ƙarafan da ke jure zafi, da ƙyar yake aikin awa 25 kafin a sauke shi, He 162 kuwa fukafukansa na katako ne da aka haɗa da gam, har wani sashe na fiffiken samfurinsa na farko ya ɓalle a sama ranar 10 ga Disamba 1944, matuƙinsa Gotthold Peter ya rasa ransa. Na biyu, waɗanda suka ci yaƙi sun ɗebi 'yan kaɗan don gwaji, suka farfasa sauran. Na uku, fasahar ta yi gudu ƙwarai, ta yadda jirgin da ya zama abin al'ajabi a 1945 ya zama tsohon yayi kafin 1950, kuma abin da ya tsufa jiya-jiya ba a ganinsa da idon tarihi, ana ganinsa ne da idon 'yan gwangwan.

Isnadi: silsilar hannaye da lambobi

Kowane jirgin Jamus yana fitowa daga masana'anta da lambarsa ta ƙira, wadda ita ce sunansa na yanka. Abin da runduna take rubutawa a gefensa, kamar fari 3 ko ja 8, laƙabi ne da ake iya ba wani jirgin gobe idan wannan ya faɗi, shi ya sa mai bincike ba ya gina hukunci a kansa. Lambar ƙira kuma tana faɗin asali, domin an raba ta rukuni-rukuni, ta yadda Me 262 da lambarsa ta fara da 500 ko 501 an san daga masana'antun yankin Regensburg ya fito.

Da yaƙi ya ƙare a Mayu 1945, sai sunaye suka fara hawa kan sunaye. Kanar Harold Watson na Amurka ya tara matuƙa da makanikai suka tattara jiragen jet a filin Lechfeld, suka rubuta musu sunaye irin nasu a hanci, suka tuƙa su zuwa Cherbourg ta Faransa, inda aka loda su a jirgin ruwan Ingila mai suna HMS Reaper a Yuli 1945, aka haye da su teku. A Amurka sojan sama suka ba su lambobi masu farawa da FE, daga baya aka mayar da harafin T2, sojan ruwa kuma suka ba nasu kason wasu lambobin dabam, yayin da Ingilishi suka sa wa nasu lambobin Air Min kafin su kai su Farnborough gwaji. Kowace lamba a cikin waɗannan mai riwaya ce guda, kuma aikin mai bincike shi ne ya nuna da takardar lodi, ko littafin tashi da sauka, ko hoto mai kwanan wata, cewa wannan lamba ta karɓa daga waccan hannu da hannu, babu yankewa a tsakani.

Yankewar kuwa ta fi aukuwa a wuraren ajiya. A filin Freeman na jihar Indiyana, inda aka tara ganimar, an binne tarin kayan gyara da gutsattsarin jirage sa'ad da aka rufe aikin, sai a shekarun 1990 masu tono suka fara fito da su. Waɗanda Janar Henry Arnold ya yi umarni a keɓe domin tarihi an ajiye su a wata masana'anta a Park Ridge kusa da Cikago, da yaƙin Koriya ya taso aka bukaci wurin, Paul Garber na cibiyar Smithsonian ya yi ta fafutukar kwashe su zuwa Silver Hill a jihar Merilan. A irin wannan kwashe-kwashe ne fiffike yake rabuwa da gangar jikinsa, takarda ta rabu da jirginta.

Matani: abin da jikin jirgi yake faɗa

Idan takarda ta yi shiru ko ta yi saɓani, sai a koma ga jirgin kansa. Mai bincike yakan shiga da tocila da ɗan madubi cikin ramin taya da bayan kujerar matuƙi, yana neman ƙananan faifan ƙarfe da aka kafe da ƙusa, waɗanda ke ɗauke da lambar sashe da alamar masana'anta, da lambobin da ma'aikata suka rubuta da fensir ko alli a cikin bango inda fenti bai kai ba. Daga nan sai fenti, wanda ake bi da takardar goge mai laushi, a ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu, ana cire shafi bayan shafi, har launin masu nasara ya kau, na rundunar ƙarshe ya bayyana, a ƙarƙashinsa kuma na masana'anta.

Mafi kyawun misali shi ne Me 262 mai lamba 500200 da ke gidan tunawa da yaƙi na Ostireliya a Kanbera, wanda aka sani da baƙin harafin X na rundunar KG 51. An ƙera shi a watannin ƙarshe na yaƙi, Ingilishi suka karɓe shi suka sa masa Air Min 81, sa'an nan aka aika shi Ostireliya. Da masu kula da shi suka kankare fentin da aka yi masa daga baya, suka tarar da na asali yana nan, sai suka yi abin da ya fi wuya ga mai son ado, wato suka bar shi yadda yake, da ƙarzunansa da dabbare-dabbarensa da alamun gaggawar masu fesawa. A yau duk mai son sanin haƙiƙanin launin da Jamusawa suka yi amfani da shi a 1945, da wannan jirgi yake kafa hujja, alhali da an yi masa sabon fenti mai ƙyalli da an shafe shaidar har abada.

Matani yana kuma tona abin da aka cusa. Me 262 mai lamba 500491 da ke Smithsonian, wanda Amurkawa suka kira FE-111, jirgin faɗa ne mai bindigogi huɗu a hanci, amma ya shafe shekaru da hanci mai kumburi irin na jirgin leƙen asiri mai ɗaukar hoto. Dalili shi ne, lokacin gwaje-gwaje an musanya hancinsa da na wani ɗan'uwansa mai lamba FE-4012, sai kowannensu ya wayi gari da fuskar ɗayan. Masu gyaransa a ƙarshen shekarun 1970 suka mayar da hancin siffarsa ta farko, kuma a ƙarƙashin fenti suka sami alamomin nasarorin matuƙin rundunar JG 7, Heinz Arnold. Haka nan He 162 na wannan cibiya, wanda aka kama a filin Leck a arewacin Jamus: gangar jikinsa 120230 ce, amma wutsiyar da ke jikinsa ta 120222 ce, kuma da yake a wutsiya ake rubuta lambar ƙira da manyan baƙaƙe, wanda ya karanta abin da ido ya fara gani zai kira jirgin da sunan wani.

Wannan yana kama da tsohon littafin da wasu ganyayensa suka ɓace, wani marubuci na baya ya cike gurbin da hannunsa. Littafin bai zama na ƙarya ba saboda haka, muddin an san inda hannun farko ya tsaya da inda na biyu ya ɗauka, kuma an faɗa wa mai karatu.

Martabobi huɗu

Martaba ta farko ita ce ta jirgin da isnadinsa bai yanke ba, jikinsa kuma ya gaskata takardunsa. Ranar 25 ga Afrilu 1945, Hans-Guido Mutke ya sauka da Me 262 mai lamba 500071 a Dübendorf kusa da Zurik, mai ya kusa ƙare masa, hukumomin Suwizalan suka tsare jirgin, suka auna shi suka ɗauki hotunansa, suka riƙe shi har 1957 sa'ad da suka miƙa shi ga gidan tarihin kimiyya da fasaha na Munik. Hannaye uku ke nan kacal, kowanne da rubutacciyar shaida. Abin lura shi ne, shi wannan matuƙi daga baya ya yi da'awar ya taɓa wuce saurin sauti a cikin Me 262, jumhurun masana kuwa ba su karɓa ba, domin saukarsa tana da shaidu, da'awarsa kuwa shi kaɗai ya ruwaito ta. A wannan martaba kuma akwai MiG-15 mai lamba 2057, wanda No Kum-sok na Koriya ta Arewa ya gudu da shi zuwa Kimpo ranar 21 ga Satumba 1953, aka gwada shi a Okinawa, yanzu yana gidan tarihin sojan saman Amurka a Dayton. Haka nan 110305, ja 8, da ke Johannasbag a Afirka ta Kudu, wanda shi kaɗai ya rage daga nau'in Me 262 mai kujera biyu da na'urar rada don farautar dare.

Martaba ta biyu ita ce ta jirgin da aka san silsilarsa amma jikinsa ya sami ƙari daga wani, kamar biyun nan na Smithsonian da muka ambata. Hukuncinsa karɓuwa ne tare da bayani.

Martaba ta uku ita ce ta wanda isnadinsa ya yanke. Wani lokaci Allah yakan sa a gano bakin zaren, kamar Gloster Meteor mai lamba DG202/G, ɗaya daga samfuran farko na jirgin jet ɗin da Ingila ta shiga yaƙi da shi a 1944. Harafin G da ke ƙarshen lambarsa umarni ne cewa a yi gadinsa duk sa'ad da yake ƙasa, saboda sirrinsa, amma da zamani ya juya sai aka mayar da shi abin koyar da makanikai da sabuwar lamba 5758M, daga bisani aka kafa shi a ƙofar barikin Yatesbury yana shan ruwa da sanyi, kafin a farga da ko wane ne shi a ɗauke shi zuwa gidan tarihin sojan saman Ingila. Wani lokaci kuwa shubuha takan zauna, kamar Nakajima Kikka na Japan, wanda samfurinsa ya tashi ranar 7 ga Agusta 1945, kwanaki kaɗan kafin ƙarshen yaƙi. Wanda ke Smithsonian gidajen injinsa sun yi wa injin Ne-20, wanda samfurin ya tashi da shi, ƙanƙanta, abin da ya sa wasu masana suka rinjayar da cewa an yi shi ne don gwajin ƙarfin jiki a ƙasa. A nan abin da ya wajaba ga mai gaskiya shi ne ya tsaya inda hujja ta tsaya.

Martaba ta huɗu ita ce ta dangi da kwaikwayo. Bayan yaƙi, masana'antar Avia ta Cekoslobakiya ta haɗa jirage 12 daga kayan Me 262 da Jamusawa suka bari, tara masu kujera ɗaya da ake kira S-92, uku masu kujera biyu da ake kira CS-92, kuma ɗaya daga kowane nau'i yana gidan tarihin Kbely a Firag. 'Yan gida ɗaya ne da Me 262, amma tarihinsu nasu ne. Akwai kuma sababbi guda biyar da aka ƙera a Amurka, bayan sojan ruwa sun ba da aron Me 262 mai lamba 110639 aka warware shi aka auna kowane sashe a madadin a gyara musu shi. Na farkonsu ya tashi a Disamba 2002 da injin General Electric, lambobinsu kuma suka fara daga 501241. Babu aibi a nan, domin maƙeransu sun bayyana abin da suka yi. Aibi yana ga tadlisi, wato a ɗauko faifan lamba daga tarkacen jirgin da ya faɗi a kafe shi a jikin sabon ƙarfe, ko a yi wa Lim-2, wato MiG-15 ƙirar Folan, fentin Koriya ta Arewa a bar mai kallo da zaton ya ga jirgin da ya yi yaƙi, alhali zanen aro ba ya rufe katara.

Fa'idar wannan wahala

Mai tambaya zai iya cewa, mene ne ribar ƙure ido a kan lamba shida a jikin tsohon ƙarfe? Amsa ita ce, lambar tana komawa baya har zuwa hannun da ya buga ƙusar. Gangar jikin Me 262 masu yawa fursunonin sansanin Gusen na Ostiriya ne suka haɗa su a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa na Sankt Georgen, cikin yunwa da duka, dubbai daga cikinsu kuma ba su fito da rai ba, haka kuma an yi aikin He 162 da fursunoni a kogon Hinterbrühl kusa da Biyana. Jirgin da aka tabbatar da asalinsa shaida ne a kan wannan zalunci, ana iya aza hannu a kan aikin waɗancan bayin Allah, jirgin kwaikwayo kuwa komai kyansa siffar kawai ya ɗauko, bai ɗauko alhakin ba.

Kammalawa

Abin da wannan maƙala ta tsayar shi ne, fentin da aka yi daga baya da allon bayani su ne mafi raunin hujja, lambar ƙira da silsilar takardu su ne mafi ƙarfi, kuma inda suka saɓa wa jikin jirgin sai a sake bincike maimakon a zaɓi labarin da ya fi daɗin ji. Wajibi ne gidan tarihi ya faɗi martabar abin da yake nunawa, ya kuma rubuta duk abin da ya sauya a jikinsa, domin wanda zai zo bayansa ya san inda hannunsa ya shiga.

Mu ma muna da rabo a cikin wannan magana. Jiragen faɗa masu injin jet na farko da sojan saman Nijeriya suka mallaka, wato MiG-17 tare da MiG-15 na koyo, a filin jirgin sama na Kano aka sauke su a Agusta 1967, lokacin yaƙin basasa, kuma akwai MiG-17 a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Da yake MiG-17 an ƙera shi a Tarayyar Sobiyat, an kuma ƙera irinsa a Folan da sunan Lim-5, a Sin da sunan J-5, duk wanda ya rage a hannunmu yana bukatar irin tambayoyin da aka yi wa na Munik da na Kanbera. Shawarata ga masu kula da su ita ce, kafin a sake kai buroshin fenti jikin kowanne, a shiga ramin tayarsa da tocila a kwafe lambobin da ke ciki, a ɗauki hoton kowane faifai, sa'an nan a nemi dattawan makanikai da matuƙan da suka yi aiki da shi a ɗauki riwayarsu da sunan kowa da ranar da ya faɗa, tun suna raye, domin dukansu sun manyanta.

Allah ne mafi sani.